Kwas ɗin DNA na kwana uku a wani lab kusa da Tech Junction a Kumasi

Salam 'yan uwa, masu tambayata kwas ɗin da na je hutun nan, ga yadda ta kaya. Lab ɗin na kuɗi ne, daga unguwar Aboabo trotro (motar haya) biyu nake shiga, kuɗin rajistar ma da nauyi gaskiya sai da yayana ya cika min.

Amma wallahi rana ta biyu kaɗai ta fanshe kuɗina. Shekara biyu ina haddace wai zafi na raba igiyoyi biyu na DNA, sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, ban taɓa gani da idona ba. Madam ɗin da ke koya mana ta zuba samfur a wata 'yar kwalba mai kusurwa huɗu ta sa a na'urar da ke haska UV, hasken da ido ba ya gani, a tsawon zango 260 nm, tana ƙara zafi kaɗan kaɗan, da farko lambar da ke nuna yawan hasken da samfurin ke sha ta tsaya cik har na ɗauka injin ne ya lalace, can sai ta fara hawa da gudu ta ƙaru kusan kashi 40 cikin 100 sannan ta sake tsayawa, ruwan kuwa garau kamar ba a taɓa shi ba. Na ce Madam me ya faru? Ta ce in igiyoyin na manne, haruffan DNA ɗin, wato sinadaran A, T, G da C, suna jere kan juna ne ba sa shan haske sosai, da sun rabu sai su sha da yawa. Zafin da rabi ya rabu shi ne Tm, kuma DNA mai yawan G da C ya fi taurin kai don ɗaurinsu uku ne, na A da T biyu. Gishiri ma yana ɗaga Tm ɗin.

Ta kuma nuna mana wani rini mai suna SYBR Green a injin PCR, injin da ke kwafar DNA ya ninka shi, shi akasin haka ne, yana walƙiya in igiyoyin na haɗe, zafi na raba su hasken ya faɗi. Sai a nan na gane me ya sa ake kai samfur digiri 95, irin gwajin korona da aka riƙa yi a cibiyoyin bincike na KCCR a Kumasi da Noguchi a Accra.

Abin da ya ɓata min rai, mu 12 na'ura ɗaya, wasu ko taɓawa ba su yi ba. Rana ta uku dumso, wato ɗauke wuta, ya same mu ana tsakiyar aiki, kafin a tada janareto samfurin ya huce sai da muka sake daga farko. Lokacin azahar ma sai da muka roƙa.

Duk da haka ku je, amma ku tambayi mutum nawa ne a rukunin kafin ku biya, kuma ku tafi da farar rigarku don ba sa bayarwa.