Kwaɗin Pristimantis: a rarrabe su da ido ko da DNA?

Jinsin Pristimantis, ƙananan kwaɗin dazuzzukan Kudancin Amurka, ya haura iri 600, mafi yawansu a tsaunukan Andes na Kolombiya, Ekwado da Peru. Ƙwansu ma ba a ruwa yake ƙyanƙyashewa ba. Ɗan kwaɗo ke fitowa da ƙafafunsa cif.

Hanyar da aka saba ita ce ta ido: a duba fata, faifan yatsu, dodon kunne, a saurari kukan namiji da dare. Tana da sauƙi, kuma a cikin daji ake yin ta. Matsalarta, iri ɗaya kan zo da launi daban-daban, yayin da iri biyu kan yi kama kamar an tsaga kara.

Gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halittar gado, ya fi tsada, sai da ɗakin bincike. Amma shi ya sa a 2007 masana uku, Heinicke, Duellman da Hedges, suka cire waɗannan kwaɗi daga wani jinsin kwaɗi mai suna Eleutherodactylus, inda aka daɗe da cusa su.

A ganina DNA ya fi tabbatar da dangantaka. Sai dai mai binciken da ke tsaye kan gangaren dutse da tocila, idonsa da kunnensa ne za su fara gaya masa ya ci karo da sabon iri.