Kafin ka sayi kayan zana taswirar mazaunin kyarkeci

Ƙanena da ke shekarar ƙarshe a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya same ni a shago a Aboabo da wata takarda a hannu. Malaminsa ya ba shi aikin gano wuraren da kyarkeci zai iya sake zama a arewacin Ghana, shi kuma ya jero kayan da yake so in taimaka a saya. Na farko a jerin, jirgi maras matuƙi. Na ce masa, "Zauna tukuna." Mun kwashe kusan mako biyu muna tambaye-tambaye a Adum da wajen waɗanda suka taɓa aikin daji, ga kuma abin da na fahimta, ko zai yi wa wani amfani.

Kyarkeci, wato karen dajin nan mai dabbare-dabbaren baƙi da fari da ruwan ƙasa da manyan kunnuwa, yana jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1990. Ƙididdigar IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ce manyan da suka rage a duk Afirka kusan 6,600 ne, yawancinsu a kudu da gabas. A yankinmu, dajin Niokolo-Koba na Senegal ne aka tabbatar suna nan. A gandun dajin Mole na arewacin Ghana kuwa, binciken da aka yi da kyamarori daga 2006 zuwa 2009 bai kama hoton kyarkeci ko ɗaya ba. Wannan shi ne abin da zai faɗa maka inda za ka sa kuɗinka: ba dabbar za ka bi ba, wurin zamanta za ka auna. Akwai abin farauta? Akwai ruwa da rani? Yaya nisan ƙauye da hanyar mota? Tarkon waya fa, da karnukan gida masu ɗauke da ciwon hauka? Don haka abin wuyan nan mai GPS da ake ɗaura wa namun daji, cire shi daga lissafi tun yanzu. Ba ka da wuyan da za ka ɗaura wa.

Jirgi maras matuƙi ma haka. Garken kyarkeci ɗaya kan yi yawo a fili mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, Mole kanta ta haura 4,500, batirin ƙaramin jirgi kuma da ƙyar yake wuce rabin awa a sama. Ga rajista a hukumar sufurin jiragen sama, ga neman izinin sashen namun daji na Forestry Commission. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne a ƙasa, kuma kusan duk kwana 5 ake samun sabo. Landsat ɗigonsa mita 30 ne, bai kai shi fitowa ba, amma tarihinsa ya koma shekaru da dama baya, da shi za ka ga yadda gonaki suka ci daji. Ka zaɓi hotunan rani, don na damina gajimare ne kawai.

Inda kuɗi ya kamata su tafi shi ne kwamfuta. Waɗannan hotuna nauyi gare su. Mun gwada buɗe guda ɗaya a tsohuwar laftof ɗina mai RAM 4, sai da muka sha shayi muka dawo tana nan tana juyi. Kada ka yi ƙasa da RAM 16 in da hali, 8 in aljihu ya ƙi, kuma ma'ajiyarta ta zama SSD. Tsohuwar kwamfutar ofis da aka shigo da ita daga Turai, irin ThinkPad ko Latitude, ta fi sabuwa mai sheƙi mai arha ƙarko, kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu a Kumasi. Sai dai ka sa mai shago ya cire caja ka zauna da ita minti ashirin ka ga yadda batirin ke sauka. Na taɓa sayen wadda aka rantse mini tana awa huɗu, ranar da aka ɗauke wuta ko sallar la'asar ba ta kai ba.

Manhaja ba ta buƙatar dogon zance. ArcGIS na da kyau amma lasisi ake biya, sai in makaranta ta ba ka. QGIS kyauta ce, tana yin duk abin da ɗalibi ke bukata. MaxEnt, wadda ke haɗa wuraren da aka ga dabba da bayanan ruwan sama da ciyayi ta fitar da taswirar inda ya dace da ita, ita ma kyauta ce. Bayanan yanayi na WorldClim da wuraren ganin dabbobi na GBIF duk saukewa kawai za ka yi. Kuɗin data ne naka. Hattara ɗaya: yawancin wuraren da aka rubuta an ga kyarkeci daga Botswana da Tanzaniya da makwabtansu suke, taswirar da ta koyi darasi a can kuwa tana iya yi maka ƙarya a kan Damongo, garin da ke kusa da Mole.

Sai muhawarar da muka fi daɗewa a kai, waya ko na'urar GPS ta hannu. Wayar Android mai manhajar QField ko KoboCollect tana nuna inda kake ko babu sabis, tana ɗaukar hoto, kana cike fom a ciki. A fili irin na arewa kuskurenta 'yan mitoci ne, wanda bai dami taswirar da ɗigonta mita 10 ko 30 ne ba. Matsalarta zafi da caji. Rana ta Maris a Larabanga, ƙauyen da ke bakin Mole, tana sa waya ta kashe kanta. Na'urar GPS ta Garmin eTrex kuwa batir AA biyu take ci, ta yi kusan awa 25, ruwa bai dame ta ba, in ta faɗi a kan dutse ka ɗauka ka ci gaba. Wanda zai kwana a daji, ya sayi eTrex ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce. Wanda zai riƙa komawa masauki kullum da yamma, wayarsa da babban fawa banki sun ishe shi. GPSMAP, wata na'urar Garmin mai tsada, ta masu aiki a ƙarƙashin duhun kurmi ce.

Kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya ita ce za ta nuna maka ko akwai mariya da mazo da gadu, abincin kyarkeci ke nan, da kuma kura da mafarauta. Reconyx ta fi ƙarko da saurin ɗauka, amma kuɗin guda ɗaya zai saya maka Browning ko Bushnell fiye da ɗaya, kuma a wannan aiki yawa ya fi kyan hoto, don kyamara uku ba sa faɗin komai game da daji. Ɗauki mai hasken da ido ba ya gani da dare, saboda mai walƙiya tana kiran ɓarawo. Ka sa kuɗin akwatin ƙarfe da kwaɗo a lissafi, da batir lithium masu jure zafi, da katin ajiya na gaske, don na jabu sun cika kasuwa. In lokacin hunturu ne, share ciyawar da ke kewaye da bishiyar, gobarar daji ba ta san tsadar kaya ba. Kafin ma ka saya, tambayi sashenku ko suna ba da aro.

Ƙanen nawa dai ya tashi da ThinkPad ta hannu, da eTrex da wani abokin karatunsa ya sayar masa, da kyamarori na aro. Ragowar kuɗin jirgin ya ware su na motar Tamale zuwa Damongo, da na jami'in gandun da dole ya raka shi duk inda zai taka a cikin Mole.