Bulon jar ƙasa ko na siminti a Jos? Ɗauki na jar ƙasa

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wane bulo ya fi dacewa da ginin da za ka yi a Jos, na jar ƙasa ko na siminti. Tunda ba bene za ka yi ba, kuma sanyi da danshi ne suka dame ka, ka ɗauki bulon jar ƙasa, irin wanda ake matsewa da inji.

Da shi na gina ɓangaren da muke zaune a wajen Rikkos. Ka san Disamba da Janairun garin nan, muna kan tudun da ya kai mita 1,200, ruwan alwalar asuba sai an ɗumama. A gidan hayar da muka baro, Hajiyarmu ba ta iya barci sai an shigar mata da kaskon garwashi, ni kuwa hankalina ba ya kwanciya, don iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta da wari, kuma tana kisa. Hunturun farko a sabon ɗakinta ita da kanta ta ce a daina kawowa, bargo ya ishe ta. Har yau in ƙawayenta sun zo sai ta sa sun taɓa bangon.

Abin da ya sa, bulon cike yake, ba rami a cikinsa, ga nauyi. Yana shan zafin rana a hankali ya riƙe, in dare ya yi ya sake shi cikin ɗaki. A Maris da Afrilu kuma, kafin zafi ya gama ratsa bangon yamma ta yi. Ƙasar ba daga nesa ake ɗauko ta ba, ba a gasa bulon balle a ci itace, simintin da ake gaurayawa kuma kashi 5 zuwa 8 ne cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don shi siminti sai an ƙona dutsensa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma masana'antarsa na cikin manyan masu fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. In ka samu bulon jar ƙasa mai shiga juna, wato wanda kowane ɗaya ke maƙale ɗan'uwansa, kwaɓin da za ka sa tsakani kaɗan ne, ciki ma kana iya barinsa ba filasta, jan nan nasa ya isa ado.

Na siminti kuwa, da shi aka yi shagon da ke ƙofar gidana. Yana da sauri, kowane birkila ya iya shi, ko'ina ka je za ka samu. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Da rana tanda ne, da dare kuma sanyi ya shigo abinsa.

Maganar ruwa ce ke buƙatar natsuwa, don jar ƙasa ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta, ga daminar Jos daga Afrilu har Oktoba, da iska, wani lokaci da ƙanƙara. Ka tayar da harsashi da dutse, Allah ya hore mana shi a nan, ya ɗaga sama da ƙasa aƙalla santimita 30. A kansa a shimfiɗa leda mai kauri, wadda magina ke kira DPC, kafin a ɗora layin farko, kuma ka tsaya a wurin da kanka ranar da za a sa ta. Bakin kwano ya fito kamar santimita 60 ko fiye, a sa indararo ya kai ruwa nesa da bango. Ɓangaren da ruwa ya fi duka a yi masa filasta. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke shafe ginin tubali da makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso, wato simintin gargajiya, da ake haɗawa da katsin marina. Ka leƙa gine-ginen gargajiyar da ke kusa da gidan tarihi na Jos ka ga abin da ƙasa ke iya yi. Kada kuma ka bar kwano tsirara, ta sama ɗumi ya fi gudu. Ka sa silin, amma ba tsohon asbestos da ake kwasowa daga rusau ba, ƙurarsa tana jawo ciwon dajin huhu.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Akwai masu buga bulon nan da ba sa tsoron Allah. Su rage siminti, su haɗa da baƙar ƙasar sama mai saiwoyi, su shanya a rana kwana biyu su ce ya nuna, alhali kamata ya yi a lulluɓe shi da leda ana yayyafa ruwa, ya yi mako uku zuwa huɗu kafin a gina. A ido ba za ka gane ba. Ka zaɓi guda biyu da hannunka daga tsakiyar tulin, ba wanda suka miƙo maka ba. Ɗaya ka sake shi daga tsayin ƙugu, ɗaya ka jiƙa a bokiti ya kwana. In ya farfashe ko ya narke, ka kama gabanka. Kuma kada ka biya kuɗi duka sai mota ta sauke an ƙirga a gabanka.