Kafintan da ya gyara min ciki da falo a Badariya

Shekarata 47 aka yi min canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Birnin Kebbi. Na bar gida mai ɗaki uku na kama ciki da falo a Badariya. Ranar da motar kaya ta iso, doguwar kujerata ta ƙi shiga ƙofa, sai da na zauna a kanta a tsakar gida hawaye na zuba.

Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wani kafinta da ke kusa da babbar kasuwa. Da kansa ya zo, fensir maƙale a kunne, ya auna kowane lungu. Ya ce, "Hajiya, ƙasa ta yi miki kaɗan, mu hau bango." Ya yi min gado mai durowa huɗu a ƙarƙashi, zannuwa da atamfofi duk suka shige. Kabad ɗin kwanuka kuwa ya kai shi har kusa da silin. Ƙafafun ya yi su da madaci saboda gara, ya kuma hana ni tare taga, wai zafin watan Afrilu a garin nan ba ya wasa. Wallahi gaskiya ya faɗa.

Inda ya ɓata min rai: alkawarin mako biyu ya koma kwana 25, ina kwana kan tabarma, waya ma ba kullum yake ɗauka ba. Durowa ɗaya tana cijewa, ya dawo ya goge ta bai karɓi ko sisi ba. Yanzu teburin karatun autata na ba shi.