Zuƙar kitse ko yanke fata? Gyaran ƙirjin namiji bayan ya sauke ƙiba

Ɗan'uwa, ka ce ka sauke wajen kilo 45, tumbi ya koma, amma ƙirji ya zube har kan nono yana kallon ƙasa. Likita ɗaya ya ce zai zuƙe kitsen ta 'yan ƙananan huji ba tare da wani tabon a zo a gani ba. Na biyu ya ce sai an yanke fata an mayar da kan nonon sama, kuma tabon zai yi tsawo. Kana tambaya wanne za ka bi. A yadda ka siffanta ƙirjin, na fi karkata ga na biyun. Amma hanyoyin ba biyu ba ne kaɗai, akwai wasu a tsakani, don haka bari in ajiye maka su kusa da juna ka ga dalilina.

Abu uku ne ke sa ƙirjin namiji ya cika ko ya zube. Akwai kitse. Akwai naman nono na ainihi, wani ƙullutu mai tauri da ke zaune daidai bayan kan nono, wanda likitoci ke kira gainakomastiya. Sai fatar da ta miƙe ta ƙi komawa. Wanda ya daɗe da ƙiba yakan haɗa duka ukun, domin a cikin kitsen jiki akwai wani sinadari, aromates, da ke juya testosteron, sinadarin maza, ya koma istirojin, sinadarin mata, shi kuma istirojin ya sa naman nono ya girma. In ka rame kitse zai ragu, naman nonon kuwa yana nan, balle fata. Naman da ya shekara a wurin ya riga ya taurare, ba motsa jiki ba magani da zai narkar da shi. Masu ce maka ka dage da ɗaga ƙarfe suna nufinka da alheri, amma tsoka ce za ta cika a ƙasa, fatar tana nan tana reto a kanta.

Kafin ka koma wurin kowannensu, tsaya gaban madubi ka saki hannuwa. Duba layin da ke ƙarƙashin nono, inda ya naɗe ya kwanta a ƙirji. Kan nonon yana sama da wannan layi, yana daidai da shi, ko ya gangara ƙasa? Sa yatsu biyu ka matsa bayan kan nonon a hankali: laushi kawai ka ji ko akwai wani faifai mai tauri? Sannan ka ɗaga hannu ka ga ko naɗin fatar ya zagaya ƙarƙashin hammata ya nufi baya. Abin da likitan fiɗa zai duba ke nan. Tsohon ma'aunin da wani likita, Simon, ya fitar a 1973 ya raba matsalar bisa girman nono da yawan rarar fata. A 2008 Gusenoff da abokan aikinsa suka fito da wani ma'auni musamman don mazan da suka sauke ƙiba mai yawa, wanda ke duba inda kan nono ya tsaya, naɗin fatar gefe, da sakin fatar saman ciki. Girman nono ba shi ne abin dubawa ba a wurinku, rarar fata ce.

Zuƙar kitse ita ce mafi sauƙi a jiki. Ana huda fata da 'yan milimita kaɗan, a ɗura ruwan gishiri haɗe da maganin kashe zafi da adirenalin don rage zubar jini, tsarin da Jeffrey Klein ya bayyana a 1987, sannan a shigar da siririn bututu a tsotse. Kitsen ƙirjin maza yana da tauri, shi ya sa wasu ke fara farfasa shi da na'urar sauti irin VASER. Tabo kusan babu, jin taɓi a kan nono yawanci yana nan, mai aikin zama kuma yakan koma aiki cikin mako guda. Sai dai duk aikin ya dogara ne da abu ɗaya: fata ta tsuke da kanta bayan an kwashe abin da ke ƙarƙashinta. Fatar matashin da bai taɓa yin ƙiba sosai ba tana tsukewa. Fatar da ta yi nankarwa kuwa zarurrukan da ke ja da ita sun tsinke. Rigar da ta yi maka yawa ba ta komawa daidai don ka ƙara ramewa, sai tela ya sa almakashi. In aka zuƙe kitsen ƙirjin da kan nononsa ya riga ya wuce layi, abin da ya rage yana ɗan riƙe fatar ne aka cire, sai ta ƙara zubewa. Bututun kuma ba ya iya tsotse naman nono mai tauri. Na'urorin da ke ɗumama fata ta ciki don ta tsuke suna ɗan taimakawa inda rarar kaɗan ce, amma kada wani talla ya ruɗe ka cewa za su ɗaga fatar da ke reto.

Cire naman nono ta gefen baƙin da'irar da ke kewaye da kan nono shi ne mataki na gaba. Yankan rabin wata ne a ƙasan da'irar, irin wanda Webster ya bayyana tun 1946, kuma yau galibi ana haɗa shi da zuƙar kitse a zama ɗaya. Tabon yana ɓuya a iyakar baƙi da sauran fata. Gwanintar likita a nan ita ce sanin abin da zai bari. In ya kwashe naman ƙarƙaf, kan nono zai lotsa ya manne da tsoka, rami ya fito, kuma ramin ya fi bayyana idan mutum ya ɗaga hannu ko ya ɗaure tsokar ƙirji. Shi ya sa ake barin ɗan siririn faifai a bayansa. Wannan aiki ya dace da mai ƙullutu da fata mai kyau. Ba ya rage fata ko kaɗan.

Akwai wata hanya ta tsakiya da mutane ke rugawa gare ta saboda tsoron tabo: a yanke zoben fata kewaye da da'irar, a tattaro fatar waje da zare a ɗinke ta da ƙaramar da'irar ciki. A takarda abin sha'awa ne, tabo zagaye ɗaya kawai. A jiki kuwa babban baki ne ake ɗinkewa da ƙarami, dole ya yi tattara, kuma fatar waje tana ta ja, har tabon ya yi faɗi ko da'irar ta baje ta fi yadda take a da. Tana ɗaga kan nono kaɗan ne kawai. Ga mai matsakaiciyar rara tana aiki. Ga wanda ya sauke kilo 45, a ganina ita ce hanyar da ta fi kai mutum ga tiyata ta biyu.

Yanzu ga wadda likitanka na biyu yake nufi. Ana yanke fata da kitse da naman nono gaba ɗaya a faffaɗan yanki, a janyo fatar sama a ɗinke ta, tabon ya kwanta a ƙasan tsokar ƙirji daga kusa da tsakiya zuwa gefe. In akwai naɗi a hammata, tabon ya bi shi har can, wani lokaci ya karkata sama. Ita kaɗai ce ke ba da shimfiɗaɗɗen ƙirji ga mai rarar fata sosai. Ciniki ne ƙarara: ka ba da reto ka karɓi tabo. Tabon kuma ba ya ɓacewa, yana dushewa ne kawai, kuma sai ya shekara ko shekara ɗaya da rabi kafin ka san kamanninsa na ƙarshe.

Cikin wannan aikin akwai wani zaɓi da ya fi cancantar ka zauna ka yi tunani a kai, wato yadda za a yi da kan nono. Hanya ta farko, a bar shi maƙale da wani harshen nama da ke kai masa jini, a zura shi ta ƙarƙashin fata a fito da shi a sabon mazauni. Launinsa yakan tsira, kuma akwai damar jin taɓi ya saura. Amma harshen naman yana da kauri, yana barin ɗan tudu a ƙasan ƙirji, wanda shi ne abin da ka zo a cire. In kuma tazarar da za a ɗaga tana da yawa, harshen ya yi tsawo, jini na iya kasa kaiwa ƙarshe, wani ɓangare na kan nonon ya mutu.

Hanya ta biyu, a cire kan nono da da'irarsa gaba ɗaya, a rage kaurinsa, a rage faɗinsa zuwa santimita 2.5 ko 3 kamar na yawancin maza, a dasa shi inda ya dace, wato ɗan gefe kusa da ƙasan tsokar ƙirji, ba a tsakiyar nono ba. Ana ɗinke masa curin auduga a kai don ya matse shi da naman ƙasa, ba a buɗewa sai bayan kwana 5 zuwa 7. Ranar buɗewa mutane da yawa gabansu yakan faɗi: wurin ya yi duhu, ya yi ɓawo, bayan kwanaki ɓawon ya saɓule ya bar ja-ja ko fari-fari. Haka dashe yake warkewa, sabbin hanyoyin jini ne ke shiga daga ƙasa. Ƙirji ya fi kwanciya da wannan hanya, likita kuma yana da ikon daidaita ɓangarorin biyu. Abin da za ka rasa shi ne jin taɓi, wanda yakan ragu sosai ko ya tafi, tsinin kan nonon yakan kwanta, launi kuma ba lallai ya dawo duka ba. A baƙar fata dabbare-dabbaren da ya rage ya fi fitowa fili. Ana iya cike shi daga baya da zanen tawada na asibiti, amma gara ka ji wannan tun yanzu.

Maganar baƙar fata ta kawo mu ga kiloid, tabon nan da ke tsiro ya wuce iyakar ciwon. Ya fi yawa ga masu duhun fata, kuma tsakiyar ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Duba tsofaffin tabbanka, na kunne, na kafaɗa, na wani yanka da ka taɓa yi. In akwai wanda ya yi tudu yana ƙaiƙayi, ko akwai masu shi a danginku, ka gaya wa likita tun zaman farko. Wannan kaɗai zai iya sa a gwammace ƙaramin aiki a haƙura da ɗan reto. In an yi babban, a guji haɗe tabon hagu da na dama a kan ƙashin tsakiya, a fara manna silikon da zarar ɗinki ya warke, a shirya allurar sitiroyid cikin tabon in ya fara tasowa.

Wasu likitoci kan raba aikin biyu: a zuƙe kitse a cire ƙullutu, a jira wata 6 zuwa shekara a ga iya tsukewar fata, sannan a yanke abin da ya saura. Ga wanda kan nononsa ke daidai da layi, dabara ce mai kyau, don tabon ƙarshe yakan fi gajarta. Ga kai da ya riga ya gangara ƙasa, zai zama allurar barci sau biyu ne a kan sakamakon da aka san shi tun farko.

Ko wacce ka zaɓa, kada a taɓa ka sai nauyinka ya tsaya wuri ɗaya kamar wata 6. In ta tiyatar rage ciki ka rame, galibi ana jiran wata 12 zuwa 18, kuma a auna jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe da furotin yana hana ciwo haɗewa. Mai shan sigari ya daina aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa, nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, su kuwa su ne ran kan nonon da aka dasa. A kuma duba ko akwai abin da ke ciyar da naman nonon har yanzu: magunguna irin su sifironolakton, finasterayid, simetidin da efabirenz, allurar gina tsoka, ciwon hanta, ko matsalar 'ya'yan maraina. Ƙullutu mai tauri a ɓangare ɗaya, ko jini daga kan nono, ko fata ta lotsa, wannan bincike yake buƙata kafin a yi maganar gyara. Sankarar nono tana kama maza, kusan kashi 1 cikin 100 na masu ita maza ne.

Bayan aiki, matsalar da ta fi faruwa da wuri ita ce taruwar jini a ƙarƙashin fata. In ɓangare ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri yana zafi a kwana ɗaya ko biyun farko, asibiti za ka koma a lokacin, ba jiran safiya ba. Babban yankan yakan zo da robar fitar da ruwa ta 'yan kwanaki. Rigar matsi ta mako 4 zuwa 6 ce a kusan duka hanyoyin, ɗaga kaya mai nauyi sai bayan kamar mako 6, kumburi kuma yana ɗaukar watanni kafin ya sauka duka.

In ka koma wurin likitocin biyu, ka roƙi kowanne ya zana maka yankan da alƙalami a ƙirjinka kana tsaye, ka kalla a madubi. Ka nemi hotunan mazan da suka sauke ƙiba kamar taka, masu irin launin fatarka, waɗanda aka ɗauka bayan shekara, har da wanda hannu yake sama. Shi kuma na farkon ka tambaye shi kai tsaye: in fatar ba ta tsuke ba bayan zuƙar, mene ne shirinsa na gaba, kuma shi zai yi yankan ko tura ka zai yi wurin wani?