Masta a kimiyyar kayan ƙira da gini: mai tulin darussa ko mai horon bayani?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin gama lisansi a kimiyyar sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai, kin samu gurbin masta har biyu: ɗaya cike da darussa, ɗayan kuma darussansa kaɗan ne amma dole ɗalibi ya yi ta rubutu yana tsayawa gaban mutane yana bayani. Kin ce kin rasa na ɗauka.

Wajen tsawo duk ɗaya ne in suna bin tsarin LMD (lisansi, masta, dakta): shekara 2, zango 4, kiredi 120. Yadda ake cinye lokacin ne ya bambanta.

Mai darussa zai ba ki tushe, kuma ba na raina shi. A can za ki gane dalilin da ya sa ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba yake lanƙwasuwa, wanda ya zarce haka kuma sai ya tsage in an buga shi. Za ki san abin da ke faruwa a tanderun masana'antar siminti irin ta Malbaza, inda ake ƙona dutsen farar ƙasa da yumɓu har zafi ya kai kusan digiri 1450. Za a koya miki karanta sakamakon na'urar hasken X. Sai dai yawancin wannan yana cikin littafi, kuma ke da kika fito daga sinadarai kin riga kin sha rabinsa.

Horon bayani kuwa ba ya karantuwa a ɗaki ke kaɗai. Sai da masu sauraro, sai da malamin da zai maido miki da shafi ya yi ja wur da biro, ki gyara, ya sake maidowa. Ni mai darussa na yi. Ranar sutnans ɗina, wato ranar kare bincikena gaban malamai alƙalai, na haska zanen ƙarfin bulo a bango, wani dattijo cikin alƙalan ya cire tabarau ya ce, "Wannan 6 ɗin, megafaskal ne ko buhun gero?" Da megafaskal ake auna ƙarfin bulo, ni kuwa ban sa ma'auni a jikin zanen ba. Aikin wata shida, amma gardamar rannan a kan wannan ta tsaya.

Wanda ya fi ci mini rai ya faru ne a Tawa. Na iske mai buga bulo ya shanya su a rana tsaka, ko ɗigon ruwa babu. Na zuba masa bayani rabi da Faransanci, yana ta "to, to", bai fasa komai ba. Sai da na dawo washegari na ce, "Baba, siminti ba bushewa yake ba, sha yake. In ka hana shi ruwa a makon farko, da ƙishirwa zai tashi, ya riƙa marmashewa." Nan take ya aiki yaro ya jawo tiyo. Na san a kwana 28 ake auna ƙarfin siminti tun ina aji, amma faɗarsa da Hausa babu wanda ya taɓa sa ni.

Ga kuma harshe: memuwar, wato kundin binciken kammala masta, da Faransanci, manyan mujallun fannin da Turanci, magina da Hausa ko Zabarmanci. Shirin da ke sa ki taƙaita aikinki, irin gasar nan ta bayyana bincike cikin daƙiƙa 180 da aka fara a Kebek ta ƙasar Kanada a 2012, yana rage miki wannan wahala.

Da a ce daga wani fanni na nesa kika fito, da na ce ki bi darussa. A yadda kike, na biyun zan ɗauka. Amma kafin ki biya kuɗin rajista, ki nemi ɗaliban shekara ta biyu ki tambaye su sau nawa suka tsaya gaban aji bana, wa ke karanta rubutunsu, kuma na'urorin labo suna aiki ko an lulluɓe su da leda.