A Ingila sai da aka duba ƙasan takalmina kafin in shiga kicin

Mutanen Sakkwato ina gaisuwa daga Mancesta. Aikin kicin na samu a wani gidan kula da tsofaffi, ranar farko na shirya tsaf na sa sau-cikina da baduku ya ɗinka min a babbar kasuwa, fatar jar akuya ta gaske, amma matar da ke shugabantar mu ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba ta ce in ɗaga ƙafa. Gaban kowa fa! Ta leƙa ƙasan takalmin ta ce wanga ba ya taka mata kicin.

Wallahi raina ya ɓaci, sai dai bayanin nata ya shige ni. Ƙasan takalmi in sumul yake, ruwan da ka taka ba ya da hanyar fita, sai ya tsaya tsakaninka da tayil, kan ruwa kake tafiya ke nan. Tsage-tsagen da ake yi a ƙasan takalmi su ke kore ruwan gefe kamar zanen tayar mota, kuma a kicin ƙanana masu yawa ake so a roba mai taushi, manyan haƙoran takalmin but na taɓo ne. In maiƙo da abinci suka toshe su sai an kankare, in sun cinye kuma takalmin ya gama aiki ko da samansa na sheƙi.

Har gwaji suke yi. A tsohon tsarin alamomin da ake bugawa jikin takalmi, SRA na nufin an gwada santsinsa kan tayil da ruwan sabulu, SRB kan ƙarfe da gilisarin, wani ruwa mai santsi, SRC duka biyun. Kuma doka ta ce in aiki na buƙatar kayan kariya wanda ya ɗauke ka aiki zai ba ka, ko sisi ba ka biya.

Mu ko a gida? Kowa ya samu kuɗi sai ya shimfiɗa tayil mai santsi har banɗaki da wurin alwala a masallaci, dattijo ya zo da silifas da ya siɗe tas, ya zame ya karya ƙugu a ce tsautsayi. A kasuwa fata muke shafawa mu yi ta ciniki, ba mai juya ƙasan ya duba, dukawanmu ma da suka fi kowa iya fata sai su liƙa ƙasa sumul.

Amma fa takalmin kicin na Ingila muni gare shi, baƙi ƙirin ga faɗin baki, ba mai zuwa ɗaurin aure da shi a Sakkwato.